Gayyar Kabran Kalla da Radiyonsa

Duk wanda ya zauna Babankatami a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Nasara ya san Kalla, ko yana so ko ba ya so, don Kalla ba ya bari a rasa saninsa. Shi ya raɗa wa kansa Kabran, wato kofur na sojan Faransa. Shekara uku ya yi a soja, kuma in daga bakinsa ka ji, da hannunsa ya kori Jamus daga Faransa, har wani babban janar ya rungume shi yana hawaye. Gaskiyar magana, iyakar tafiyarsa barikin Tawa, aikinsa kuwa kwasar kashin alfadarai. Mutanen garinmu masu kai hatsi can sun sha ganinsa da kwando a ka. To amma wa ke da ranar ɓatawa wajen gardama da mutumin da bakinsa ba ya gajiya?

Abu ɗaya yake da shi wanda ba ƙarya ba, ita ce gona. Ubansa ya bar masa wani ƙaton fage gabas da gari, wanda in an nome shi da kyau yakan ba da dami ɗari, gidansa ya ci har wata kaka. Mutum ɗaya ba ya iya mata, balle Kalla da ganin hauya kawai ke tayar masa da ciwon baya. Don haka kowace damina gayya yake kira. Al'adar garin kuwa, sarkin samari ke raba ranaku, kowane mai gona rana ɗaya tak. In ranarka ta wuce ta wuce, sai baɗi.

Gayya kuma ba ta yiwuwa sai da Maiguwa, tsohon makaɗin gangar noma. Shi ya san taken kowane saurayi, da na ubansa, da na kakansa. Yakan bi bayan manoma kunya-kunya, in ya ga hannun wani ya yi sanyi sai ya matso ya kaɗa masa taken gidansu, nan da nan yaron ya zabura ya wuce na gabansa. Ladansa dami ɗaya ne da kaka, daga duk wanda ya kaɗa wa take a ƙofar gida.

Tsakanin Kalla da Maiguwa akwai tsohuwar jiƙaƙƙa. Tun dawowarsa daga Tawa Kalla ke bin tsohon ya yi masa take irin na mazan fama, wanda za a ambaci Jamus a ciki. Maiguwa ya ce masa a gaban mutane, “Ɗana, gangata ba ta san Jamus ba. In kana son na alhwadari, yanzu-yanzu sai in ɗaure ta.” Kalla bai taɓa yafe wannan ba.

Ana saura mako guda ranar gayyarsa, ciyawa ta fara haɗiye hatsi, Kalla ya hau takarkarinsa ya tafi kasuwar Madawa sayo gishiri da barkono. Can ya ci karo da wani Iliyasu, kukun wani Bature ɗan kasuwa da ya koma ƙasarsu ya bar masa tarkace. Cikin tarkacen har da radiyo, wani ƙaton akwatin katako mai kunnuwa uku a gaba, da batir mai ruwa a ciki, da doguwar waya. Da la'asar Iliyasu ya murɗa kunne ɗaya, sai ga kiɗa, ga wata mace tana rera waƙa da wani yare. Kalla ya saki baki. Nan take ya ga ya samu abin da zai kashe wa Maiguwa kasuwa. Kafin a yi sallar magariba ya ba da takarkari ya karɓi akwati.

Iliyasu dai ya yi ƙoƙarin fita hakkinsa. Ya ce, “Tsaya ka jiya, Kabran. Abin ga ba kullum shika magana ba, shina da lokuttanai. Kuma ruwan da ag ga batir, kak ka bari shi zuba, shina cin...”

Kalla ya katse shi. “Ni za ka koya ma radiyo? A Haransa da shi nika matashin kai!”

Sai da gari ya waye ya tuna cewa abin da zai ɗauko kayan a kai shi ne ya bayar. Haka ya ɗora akwati a ka, ya goya batir a baya cikin tsumma, ya kamo hanya da ƙafa. Kwana biyu yana tafiya, ruwan batir yana ɗiga a hankali. Da ya shigo gari da hantsi, mata a bakin rijiya suka ajiye guga suka bi shi da kallo, suna ƙyaƙyata dariya. Shi kuwa ya ƙara buɗe kafaɗu, a zatonsa akwatin suke sha'awa. Bai san ruwan nan ya cinye bayan wandonsa na soja ba, tun daga ƙugu har cinya.

Matarsa Jaratu tana daka ya shiga. Ta dube shi ta gaba, ta zagaya ta dube shi ta baya.

“Malam, ina takarkari?”

“Ga shi nan bisa kaina.”

“Ina gishirin?”

“Ke, wa ka zancen gishiri? Duniya ta niɗ ɗauko miki! Wanga akwati, makaɗan Dakar da na Makka da na Haransa duk suna ciki.”

“Su duka? To mi za su ci? Ni dai hatsin da ar rage bai isa baƙi ba.” Ta jefa masa zane. “Ruhe bayanka, tun makaɗan ba su gani ba.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kalla ya tsaya a gindin tsamiya ya yi shela, alhali ba wanda ya tambaye shi. Ya ce gayyarsa ta bana ba irin ta ƙauyawa ba ce, ba ya bukatar tsohuwar fatar akuya, kuma daga yau duk makaɗin da ke tsakanin Buza da Keita ya nemi wata sana'a.

Maiguwa na zaune yana jan tasbaha. Ya ɗago kai. “Madalla da wanga baƙo. Ɗan wane gida na?”

“Ba shi da gida. Daga iska shika ɗauko kiɗi.”

“Ya san uban Sha'ibu?”

“Mi ya haɗa shi da uban Sha'ibu? Wanda yas san sarkin Ingila!”

“To ai ba sarkin Ingila za shi noma maka gona ba.”

Aka kwashe da dariya. Kalla ya hasala, ya nuna tsohon da yatsa, ya ce ranar Litinin ko inuwarsa kada ya gani a gonarsa, kuma damin bana ya cire rai da shi. Sha'ibu, wanda shi ne sarkin samari kuma barden noman garin, ya ce, “Kabran, ka dai tuna rana guda gare ka.” Kalla ya ce rabin rana ma ta yi masa yawa.

Litinin da sassafe samari arba'in suka hallara da hauyoyinsu. Ba don Kalla suka cika haka ba, kowa so yake ya ga abin da idonsa. Jaratu ta dama fura cikin babbar ƙwarya, ta tuƙa tuwo, an yanka bunsuru ɗaya tilo da ke gidan. A gindin wani gawo da ke tsakiyar gona Kalla ya kife turmi, ya ɗora akwati, ya rataye waya a reshe. Ya sa sabon wando, ya liƙa wasu ƙarafa a ƙirji waɗanda na rantse daga linzamin alfadari ya ciro su.

Can gefe, a ƴar gonar Gogo, wata tsohuwar gwauruwa da ba ta taɓa samun halin kiran gayya ba, sai ga Maiguwa zaune da ganga a cinya. Kalla ya ɗaga murya, “Ba na hana ka zakkuwa ba?”

“Wagga gonar Gogo ta. Tsarkiyar ganga nika gyara, ban taɓa iskanka ba.”

Kalla ya yi tsaki, ya ce wa samari su ja layi. Suka ja, kowa a kan kunyarsa, hauya a sama. Ya yi bisimilla, ya murɗa kunne.

Akwati ya ce shhhhhhh.

Aka jira. Ya ci gaba da cewa shhhhh, kamar an zuba ruwa a garwashi.

“Shina gyaran murya na,” in ji Kalla.

Sha'ibu ya sauke hauya. “Kabran, ce mai shi kaɗa min takena. Ni ban iya sara babu take.”

Abin da ya biyo baya, da ba a gaban mutum arba'in aka yi shi ba da na ce ƙarya ce. Kalla ya durƙusa a gaban akwati, ya manna baki a ƙyallen da ke fuskarsa, ya shiga yi masa bayani. “Sha'ibu na, ɗan Yusuhu, jikan Jima mai baƙar hauya. Ka jiya? Jima. Kaɗa mai.” Akwati ya yi wani dogon fito, ƙiiiii, har karen Gogo ya tashi ya bar wurin.

“Wanga ba taken gidanmu ba na,” in ji Sha'ibu. “Kakana bai taɓa kuka hakanga ba.”

Kalla ya murɗa kunne na biyu, ya murɗa na uku, gumi na zuba. Sai Allah ya sa muryar wani Bature ta fito, can ƙasa-ƙasa, yana ta zuba Faransanci. Samari suka matso. Aka ce Kabran ya fassara, tunda a can ya zauna. Faransancin Kalla kuwa duka-duka kalma huɗu ne, uku daga ciki zagin alfadari ne.

“Ya ce sannunku da aiki.”

Bature ya yi magana mai tsawo.

“Ya ce shina gaishe da Kabran Kalla, ya ce ba a manta da ni ba.”

Gogo, wadda ta dogaro sanda ta zo kallo, ta ce, “Ɗan nan, tambaye shi ko shina da maganin ciwon ƙwabri.”

“Gogo, ba boka na ba!”

“Ba boka ba, ba makaɗi ba. To mi a aikinai? Surutu? Ai muna da kai.”

Bature ya yi shiru, shhh ta dawo. Hantsi ya ɗaga. Don kunyar Jaratu samari suka ɗan taɓa aiki, amma noman da babu kiɗa sai ka ce jana'iza: wannan ya sara biyu ya tsaya gyaran ƙota, wancan ya ce ƙaya ta soke shi. Kafin rana ta take, abin da aka nome bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Bunsuru dai an gama da shi sarai, a nan kam ba wanda hannunsa ya yi sanyi. Suka kwashi ƙoshinsu suka koma can ƙarshen gona, ƙarƙashin wata aduwa, suka miƙe ƙafafu nesa da ƙarar akwati.

Jaratu ta matso ta yi ƙasa da murya. “Malam, don girman Allah tahi ka ba Baba Maiguwa haƙuri. Ga shi can zaune. Rana tana tahiya, abincin shekara na hwa.”

“In ba shi haƙuri? Ni? Waya ta ba ta kai bisa ba. Kiɗin ƙwarai can sama shike, wanga na ƙasa duk dusa ta. Ke dai kak ki taɓa komi.”

Ya ɗaura bakin waya a ƙugu ya kama gawo. Gawo kuwa da damina ba ganye gare shi, ƙaya ce zalla. Yana hawa tana tsinkar sabon wando, yana tsaki, har ya kai can ƙololuwa inda iska ke kaɗa shi. A ƙasa, shhh ɗin nan ta ishi Jaratu. Ta kai hannu ta murɗe kunnen tsakiya da ƙarfi, niyyarta ta kashe shi ta huta.

Ashe lokacin abin ne ya yi. Akwatin da tun safe ba a ji amfaninsa ba ya buɗe baki iya ƙarfinsa: ƙahon soja, tararrara-tarara, da ganguna na maci a bayansa.

A nan sai mai karatu ya san wani abu. Shekara biyu ke nan kacal da aka daina kamun aikin dole. Babu gida a garin da ba a taɓa ɗaukar wani a ciki ba, a kai shi fasa dutse ko a sa shi soja, kuma kullum da irin wannan ƙaho ake zuwa. Samarin da ke gindin aduwa suka miƙe zumbur. Babu wanda ya kawo akwati a ransa, don a saninsu shhh kaɗai ya iya.

Wanda ya fi kowa sanin ƙahon kuwa shi ne na kan gawo. Da shi ake tashinsa a Tawa, kuma in ya makara bulala ce. Mai korar Jamus ya rungume reshe ya ƙwala ihu, “Soja! Soja sun zaka!”

Sha'ibu ya ɗaga kai. “Kabran, kana ganin su?”

Kalla ya waiga arewa, ya hango ƙura. Ko a cikin tsoro bai iya faɗin abu daidai girmansa ba. “Ga su can! Bisa dawaki! Sun hi ɗari biyu, har da igwa!”

Jaratu tana ta ɗaga hannu tana cewa, “Akwatin ga na! Ku tsaya, akwatin ga na!” Wa zai saurari mace a ƙasa alhali ga Kabran a sama yana gani da idonsa? Samari arba'in suka suri hauyoyinsu suka zuba a guje ta tsakiyar gona. Hatsin da bai wuce gwiwa ba suka bi ta kansa, suka tattake, wasu suka faɗi suka yi birgima a ciki suka tashi. Suka keta iyaka suka faɗa gonar Gogo.

Maiguwa bai ko tashi tsaye ba. Ya gyara zaman ganga, ya ɗaga makaɗi, sandar kiɗin nan tasa, ya saki taken Jima mai baƙar hauya.

A ƙasarmu namiji ba ya jin taken gidansu ya ci gaba da gudu. Sha'ibu ya ja birki har ƙasa ta tashi. Maiguwa ya juya ya kaɗa na wani, ya kaɗa na wani, ɗaya bayan ɗaya suka tsattsaya suna haki. Suka waiga arewa. Ƙurar ta matso, sai ga Hama makiyayi da sandarsa a kafaɗa, yana biye da shanu goma sha biyu zuwa rijiya.

Kunya ta kama su, ga jini ya riga ya hau, ga ganga tana kira, ga hauya a hannu. Sha'ibu ya yi kururuwa ya duƙa a kan kunyar da ke gabansa, sauran suka rufa masa baya. Gonar Gogo da ba ta taɓa ganin manoma uku a lokaci guda ba, sai ga arba'in suna tsere a cikinta, tsohuwa tana guɗa da bakin da babu haƙori.

Kalla ya hango abin da ke faruwa, ya gane shanu, ya gane gayyarsa ce ke tafiya a gonar wata. Ya yi ihu, “Ku komo! Nan a gonar! Ni niy yanka bunsuru!” Ya yunƙuro zai sauko da sauri, ya manta da wayar da ke ƙugunsa. Reshe ya karye. Ya taho yana karo da rassa, waya ta fizgo akwati daga kan turmi, akwati ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar fura da ka. Ƙahon soja ya yi gurrr, ya yi shiru, bai ƙara magana ba har abada. Shi kuwa Kabran bai kai ƙasa ba. Waya ta sarƙe a reshen ƙarshe, ya tsaya yana lilo, kai ƙasa, wando na biyu ya bi na farko.

Jaratu ta tsaya ta dube shi. Ta ɗauki akushin tuwon da ya rage ta ɗora a ka.

“Ke, ina za ki? Kwance ni!”

“Kai kac ce kar in taɓa komi. Za ni kai ma manoma abinci.”

Hama ne ya sauko da shi, bayan ya shayar da shanunsa. Da la'asar Kalla ya ɗingisa har gonar Gogo, ya tarar an gama ta tas, samari na wanke hannu. Ya ja Sha'ibu gefe ya roƙi a ƙara masa rana.

“Ranakku sun ƙare, Kabran. Gobe ta Ɗanlami ta, jibi ta liman. Kai kac ce rabin rana ta yi maka yawa.”

Haka ya koma shi da hauya da ciwon baya. Abin da ƙafafu suka bari, ciyawa ta gama da shi. Da kaka ta yi, gonar da ke ba da dami ɗari, dami tara aka ɗauko daga cikinta, ba takarkarin ɗauka ma, da ka suka kawo su shi da Jaratu. Ita kam ta ba ni tausayi. Shi ko kaɗan.

Suna cikin jera su a ƙofar gida sai ga Maiguwa da ganga a kafaɗa, rabin gari na biye da shi. Ya yi sallama cikin ladabi.

“Kabran, ka daɗe kana biɗar take wurina. Na hana ka, don ban ga aikin da kay yi ba. Bana kam kowa ya gani. Ga naka.”

Ya ajiye makaɗi. Ya shimfiɗa tafin hannu a kan fatar ganga ya shafa a hankali: shhhhhh. Ya sa baki ya yi fito: ƙiiiii. Sa'an nan ya saki yatsu goma a kanta, dididididi, sak ƙafafun mutum arba'in a cikin hatsi.

Mutane suka riƙe ciki, har liman sai da ya juya baya yana goge ido. Jaratu ta sunkuya ta ɗauki dami ɗaya, mafi girma, ta ajiye a gaban Maiguwa, don an kaɗa take a ƙofar gida, al'ada kuma ba ta san wasa ba.

Maiguwa ya sake shafa ganga, shhhhhh, yana kallon Kalla, yana jira. Wanda aka kaɗa wa take dole ya amsa. Kalla ya dubi jama'a, ya dubi dami takwas da za su kai su wata kaka, sa'an nan ya ɗaga hannu a hankali ya yi jinjina, don duk duniya ba shi da wani take sai wannan.